Za a fara yi wa Baba kemo saboda kansar huhu, me za mu tanada a gida?

Autar Baba, Daura: Assalamu alaikum. Wata uku mahaifinmu ya yi yana shan maganin tarin fuka babu sauƙi, sai da aka ɗebi ɗan naman huhu aka auna, aka ce kansa ce. Ranar Litinin za a fara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a Katsina. Me ya kamata mu tanada? Kuma sai mun ware masa kwano da kofi?

Malamar Jinya: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ba Baba lafiya. Kada ku ware masa komai, kansa ba a ɗaukarta. Shi ne ma zai iya ɗaukar cuta daga wurinku.

Galibi duk bayan sati 3 ake yin kemon, zagaye 4 zuwa 6, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini. Maganin yana karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye. Don haka abu na farko da za ku saya shi ne ma'aunin zafin jiki. In ya nuna 38 ko fiye, ko Baba ya kama rawar sanyi, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ku gaya musu ranar da aka yi masa kemo. Inda ake yin kuskure ke nan: a ce ai maleriya ce, a aika yaro kemis, a ba shi farasitamol. Zafin ya sauka, cutar kuwa tana cin jini, kafin asuba ta yi ƙarfi. Tun yanzu ku san motar wa za ta ɗauke shi daga Daura.

'Yan dubiya kuma, mai mura ya yi gaisuwarsa daga zaure. Za a ji haushi, a ji.

Abu Ƙofar Sauri: Abinci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini: kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai, alale, farfesu. Nonon da ba a tafasa madararsa ba a dakata da shi. In maganin kemon da ake kira cisplatin za a ba shi, yana wahalar da ƙoda, sai ya riƙa shan ruwa gwargwadon yadda likita ya ce, a kuma lura da yawan fitsarinsa. Jiƙe-jiƙen da 'yan uwa za su yi ta kawowa, kada ya sha sai likitansa ya sani.

Ɗakinsa ba turaren wuta, ba maganin sauro na hayaƙi, ku ɗaura gidan sauro. Ga ƙurar hunturu, in zai fita ya sa takunkumi. In numfashi yana yi masa wuya a kwance, a tokare masa baya da filo 2 ko 3. Idan haki ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, mai yiwuwa ruwa ne ya taru a ƙirji, ana zuƙe shi a asibiti.

Autar Baba, Daura: Na gode. Yayanmu ya ce kada a yarda a ba shi mofin, wai na wanda aka fid da rai ne.

Malamar Jinya: Ki gaya wa Yaya ba haka ba ne. Maganin zafin ciwo ne, ana ba wanda ke kan kemo. Na ruwan ana shansa duk awa 4 bisa agogo, ba a jira sai ciwo ya taso. Yana ɗaure ciki, saboda haka ku nemi a rubuta masa maganin sassauta bayan gida tun ranar farko.