Allurar da ke toshe jijiyoyin sankarar nono: mu sayar da shanu mu saya?

Rabi, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. An gano Innata na da sankarar nono, an turo mu Yamai. Lokotoro ya ce shimiyo tukuna, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, sannan a yi mata aiki. Inna na tsoron amai da zubar gashi. Yayanmu ya ji labarin wata allura, Avastin, wai tana toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙullutun jini har ya mutu da yunwa. Ya ce mu sayar da shanu mu saya, a bar shimiyo. Don Allah ku ba ni shawara.

Malam Isufu, ma'aikacin jinya:
Allah ya ba Inna lafiya. Akwai gaskiya a abin da yayanki ya ji. Ƙullutun sankara ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samu jini, don haka yakan fitar da wani sinadari, VEGF, ya sa sababbin jijiyoyi su tsiro su nufo shi, kamar mai lambu ya janyo ruwa zuwa fangalinsa. Ta waɗannan jijiyoyin ma cutar kan bi ta kai huhu ko ƙashi. Avastin wannan sinadarin yake tarewa.

Amma ƴar uwa, ga sankarar nono ba a ba da shi a madadin shimiyo, tare ake haɗa su, galibi ga wadda cutar ta riga ta bazu. A Amurka an amince da shi don sankarar nono a 2008, aka janye a 2011, don an ga bai ƙara tsawon rai ba. Yana hawar da jini, yana jawo zubar jini, yana hana miki warkewa da wuri. Ga wadda za a yi wa aiki, wannan abin tsoro ne.

Maman Zali, Yamai:
Ni na sha shimiyo. Gashina ya zube a kan matashi, na ɗaura kallabi, yanzu har kitso nake. Akwai maganin amai, ku roƙa tun ranar farko. Kuɗin shanun ku ajiye, awon jini da kuɗin mota da abinci za su ci su.

Malam Isufu:
Ki tambayi lokotoro sakamakon awon tsokar: ko irin mai bin homon ce, wato sinadarin jikin mata, ko mai HER2, wani sinadari da ke sa ƙullutun saurin girma. Shi ke nuna maganin da ya dace da ita.

Rabi:
Na gode, Allah ya saka. Maman Zali, ko za ki yi wa Inna magana ta waya? Ta fi jin ta wadda ta sha.

Maman Zali:
Ki kira ni bayan la'asar, ɗiyata.