Musayar waƙa kan Walter Cronkite, gwanin labaran talabijin na Amurka

Tsohon Edita:

Bismillahi, zan ɗan jefa baiti
Kan Walter Cronkite, gwanin labari.
A 1916 ya zo duniya, can Missouri,
Kamfanin dillancin labarai na United Press ne ya koya masa sauri.
Yaƙin duniya na biyu ya bi sawun soja,
Ya zauna shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg yana nazari.
Tashar talabijin ta CBS ta ɗauke shi a 1950,
A 1962 ta damƙa masa labaran yamma, babban shiri.
Minti 15 ne kacal kullum da yamma,
Satumban 1963 aka yi ƙari.
Rabin awa, amma in ka cire talla,
Kamar minti 22 ke rage wa labari.

Mai Kyamara:

Baba Edita, ka tsallake Dallas,
Nan ne aiki ya zo da tauri.
Ran 22 ga Nuwamban 1963 aka harbi shugaban Amurka Kennedy,
Ɗakin labaran CBS ba kyamara a shiri.
Ta zamanin nan kwalba ce a cikinta,
Sai ta ɗau zafi, ba ta san gaggawa ba ko sauri.
Kusan minti 20 ana jiran ta,
Cronkite ko ya faɗa ɗakin rediyo da wuri.
Aka yanke wasan kwaikwayo, allo sai rubutu,
Murya kaɗai ta kai saƙo gari.

Hajiya Mai Karatu:

Malam Mai Kyamara, ka bar mini tsokar,
Abin da ya biyo shi ne gishiri.
Wakilai na bugo waya, wai Kennedy ya cika,
Cronkite na faɗi, yana cewa ba tabbas, a yi haƙuri.
Sai da takardar kamfanin dillancin labarai na AP ta iso hannunsa
Ya cire tabarau, murya na neman bari.
Ya dubi agogo: Kennedy ya rasu ƙarfe 1 a Dallas,
Minti 38 ke nan da faruwar al'amari.

Mai Kyamara:

Hajiya, to yaƙin Biyetnam fa, a 1968?
Ai ra'ayi ya bayar, ya saki tsari.

Hajiya Mai Karatu:

Ya je da ƙafarsa bayan Tet, babban harin 'yan gurguzu,
Ya dawo ya yi shi a keɓantaccen shiri.
Ya ce wannan ganina ne: yaƙin ya cije,
A zauna sulhu, shi ne mafi alheri.

Tsohon Edita:

Kun manta Watergate, badaƙalar gwamnatin Nixon, Oktoban 1972,
Minti 14 ya ba ta, ga hatsari.
Fiye da rabin shirin kan batu guda,
Fadar shugaba Nixon ta kira shugaban CBS da sauri.
Kashi na biyu sai aka sa masa almakashi,
Ya koma minti 8, an rage ƙwari.
Ran 6 ga Maris 1981 ya bar kujerar,
Dan Rather ya gaje ta, ya ci gaba da shiri.
A 2009 ya rasu a New York,
Shekara 92. Hajiya, ɗora mana ƙari.