Wane suna za mu ba "trade association" a Hausa? Mu gwada da ta kamfanonin gas

Masu fassara da 'yan jarida, ku matso kusa. Kalmar da ke neman suna yau ita ce trade association, musamman irin wadda kamfanonin iskar gas na yanki guda suke kafawa don ta riƙa tsaya musu a gaban gwamnati. Kowa da abin da yake rubutawa, kuma yawancin fassarorin ɓatar da mai karatu suke yi.

A fara ganin abin tukuna. A Amurka akwai Marcellus Shale Coalition, wadda aka kafa a 2008, ta ci sunan Marcellus, wani shimfiɗaɗɗen dutse a ƙarƙashin ƙasa da ake haƙo gas daga cikinsa. Mambobinta kamfanoni ne: masu haƙo gas, masu shimfiɗa bututu, masu kai musu kayan aiki. Ita kanta ba ta haƙa rijiya, ba ta sayar da gas. Mambobi ke zuba kuɗi, ita kuma ta ɗauki lauyoyi da masana da masu iya baki. A kasuwa kamfanonin nan kishiyoyin juna ne, amma da zarar an ce majalisar jiha za ta taɓa haraji ko dokar muhalli, sai ka ji bakinsu ya zo ɗaya.

Ga aikinta a fili. Jihar Pennsylvania ce ta biyu wajen haƙo gas a Amurka, bayan Texas, amma ba ta karɓar haraji a kan yawan gas ɗin da aka fitar daga ƙasa. Abin da take karɓa kuɗi ne a kan kowace rijiya, bisa dokar Act 13 ta 2012. Tom Wolf, wanda ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, ya sha kawo shawarar wannan haraji a kasafin kuɗi, majalisa ta ƙi. Ƙungiyar tana sahun gaba wajen adawa, tana cewa kamfanoni sun riga suna biyan kuɗin rijiya, kuma ƙarin haraji zai kori masu zuba jari zuwa wasu jihohi. To, mai irin wannan aiki muke nema wa suna.

"Ƙungiyar ƙwadago", wato trade union, ba ta ma shiga takara ba. Wannan ta ma'aikata ce, tamu kuwa ta masu ɗaukar ma'aikatan ce. Kalmar trade da ke cikin sunayen biyu ita ke jefa mai gaggawa a rami.

"Ƙungiyar kasuwanci" ita ce aka fi rubutawa, kuma ban gamsu da ita ba. Kunnen mai sauraro ya riga ya saba jin ta a sunan Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda mambobinta gwamnatoci ne. Sannan wanda ya ji sunan zai ɗauka saye da sayarwa take yi.

Wani malaminmu ya ce a yi amfani da "gamayya" ko "haɗaka". Malam, Allah ya ƙara ilimi, ina neman afuwa. Gamayya ta faɗa mana sun taru, ba ta faɗa mana abin da ya tara su ba. Haɗaka kuwa ta fi dacewa da kamfanonin da suka zuba jari wuri guda, suka gina matata ko bututu, suna raba riba. Kuma in muka ce "gamayyar masu gas" kawai, da me za mu kira GECF, dandalin ƙasashe masu fitar da gas da aka kafa a Tehran a 2001, mai hedikwata a Doha? Can ministoci ke zama, ba shugabannin kamfanoni ba.

Shawarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta wata 'yar'uwa ma'aikaciyar rediyo: "ƙungiyar fafutukar gas", tunda ai advocacy suke cewa suna yi. Hajiya, a nan ne zan ja daga. Bahaushe in ya ji "fafutuka", abin da ke zuwa masa shi ne mai ƙaramin ƙarfi da ke neman haƙƙinsa, yana shan rana, yana shan wuya. In ka ba manyan kamfanoni wannan kalma, ka ba su tausayin mai sauraro kyauta. Ga kuma matsalar da za ta taso a cikin labari ɗaya. Dutsen nan na Marcellus ya miƙa har ƙarƙashin jihar New York, inda a Disambar 2014 gwamnatin Andrew Cuomo ta sanar da hana haƙo gas ta hanyar fasa dutse da ruwa mai tsananin ƙarfi, bayan masu rajin kare muhalli sun yi shekaru suna matsa lamba. In waɗannan masu fafutuka ne, kamfanonin da suke ja da su ma masu fafutuka ne, yaya mai sauraro zai gane wa ke ina?

Abin da na tsaya a kai shi ne ƙungiyar kare muradun kamfanoni. A cikakke: ƙungiyar kare muradun kamfanonin gas na yankin Marcellus. "Muradi" ba yabo ba ne, ba zagi ba ne. Ta nuna cewa akwai abin da suke so, kuma nasu ne, ko ya zo daidai da na jama'a ko ya saɓa. Na yarda sunan yana da tsawo. A kanun labari sai a datse: "Ƙungiyar muradun kamfanonin gas ta yi fatali da sabon haraji." Ku karanta a bayyane ku ji, ba ya sarƙe harshe.

Na zaɓi "yanki", na bar "shiyya", don shiyya rabon da hukuma ta yi ne. Yankin gas kuwa dutse da bututu yake bi. Marcellus ya ratsa Pennsylvania da West Virginia da Ohio da New York, bai san iyakar kowa ba.

Saura lobbying, wato bin 'yan majalisa da jami'an gwamnati da irin waɗannan ƙungiyoyi ke yi don a biya musu buƙata. Wannan ba sai an ƙirƙiro ba, "kamun ƙafa" na nan tun da daɗewa. Na ga masu cewa tana da ƙanshin bayan fage, kuma da gaskiyarsu. Sai dai aikin ma ai ba a tsakiyar fili ake yin yawancinsa ba, a ofisoshin 'yan majalisa ake yi. Bambancin shi ne a wasu wurare doka ta san da shi. Amurka ta yi dokar 1995 da ta wajabta wa masu kamun ƙafa yin rajista da bayyana wanda suke yi wa aiki. Tarayyar Turai ta buɗe nata kundin rajistar a 2011, kuma Eurogas, ƙungiyar kamfanonin gas mai ofis a Brussels, tana ciki. Inda ake tsoron a fahimci abin a karkace, a rubuta "kamun ƙafa mai rajista". Kada dai a rubuta "cin hanci". Wannan zargi ne, sai da hujja.

Abu ɗaya da mai fassara zai duba kafin ya rubuta: su wane ne mambobin? American Gas Association, wadda aka kafa a 1918, ta kamfanonin da ke kai gas gidaje da masana'antu ce, ba ta masu haƙowa ba. Mai haƙowa yana son farashi ya tashi, mai rarrabawa kuwa saye yake yi kafin ya sayar. Don haka ita sai a ce ƙungiyar kare muradun kamfanonin rarraba gas, ta Marcellus kuma ta masu haƙo gas da abokan aikinsu.