Me za mu kira maganin "janarik" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan shaƙiƙi

Assalamu alaikum jama'a. Masu aikin kemis da ma'aikatan asibiti da malamanmu na Hausa dan Allah ku matso, akwai kalmar da kullum take ba mu wahala a kan kantar sayar da magani, wato janarik. Likita ya rubuta maganin maleriya Coartem, mutum ya ji kuɗin ya ce ba zai iya ba, ka ɗauko masa Lonart ko Amatem ka ce ai duk abu ɗaya ne, sai ya kalle ka ya ce "wannan mai sauƙin ba jabu ba ne kuwa?" To me za ka ce masa da Hausa a taƙaice ya gane?

Ga wanda bai san zancen ba, kamfanin da ya ƙirƙiro magani doka tana ba shi kariya ta shekara 20 ba mai yin irinsa sai da izininsa, in wa'adin ya cika sai wasu kamfanoni su yi nasu da sinadari iri ɗaya, ƙarfi iri ɗaya, hanyar sha iri ɗaya, wannan shi ne janarik. Arahar tasa kuma ba don an rage wani abu ba ne, su ba su kashe kuɗin binciken farko ba shi ya sa. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin magunguna uku na cutar ƙanjamau a kan dala 350 a shekara, lokacin da na manyan kamfanoni ya haura dala 10,000, kuma mutane da yawa a Afirka ta nan suka samu magani. Abin da ya yi irin wannan aikin bai kamata a bar shi ba suna a bakinmu ba.

Na ji shawarwari da yawa. Wasu sun ce "kwafi" ko "na kwaikwayo", wannan kam a'a wallahi, da Bahaushe ya ji kwaikwayo jabu ya ji, kuma jabu daban ne, shi ne wanda aka yi don ha'inci ko ba sinadarin a ciki ko an rage, janarik na gaskiya kuwa yana da lambar NAFDAC a jikin kwalinsa. Wani ya kawo "gama-gari", ta fi kusa da fassara amma a kunnenmu gama-gari abu ne mara daraja. "Madadi" ta ɗan ja hankalina sai dai tana da haɗari, don madadi zai iya zama wani magani ne daban kwata-kwata, ibuprofen zai iya zama madadin paracetamol wajen ciwon kai amma ba abu ɗaya ba ne, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda in aka musanya masa an cuce shi. "Takwara" kuma a juye take, takwara suna ɗaya mutum daban, namu ciki ɗaya suna daban.

Ni abin da nake gani kalma biyu muke buƙata. Ta farko "sunan yanka". Paracetamol sunan yanka ne, Panadol laƙabi ne da kamfani ya sa. Metronidazole sunan yanka, Flagyl laƙabi. Metformin sunan yanka, Glucophage laƙabi. Ko tsohuwa ka faɗa wa haka ba sai ka ƙara bayani ba. Ta biyu "shaƙiƙi", uwa ɗaya uba ɗaya, sai mu ce Lonart shaƙiƙin Coartem ne, duka sunan yankansu artemether da lumefantrine.

Abin da ya sa na nace a kan wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, maganar rai ce. Mutum mura ta kama shi ya sha Panadol biyu, ya ƙara da Procold, jiki na ciwo ya ɗora Ibucap, a ganinsa magani uku ya sha alhali duka ukun akwai paracetamol a ciki, kuma babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba, in ya wuce hanta ce ke ɗaukar wahalar kuma ba lallai ya ji komai a ranar farko ba. Haka mai hawan jini, an ba shi Norvasc a asibiti ya zo kemis ya sayi amlodipine, wanda shi ne sunan yankan Norvasc ɗin, yana haɗa su safe da dare, sai jiri da kumburin ƙafa. Da mun saba wa mutane da cewa "Baba duba sunan yankan, waɗannan shaƙiƙai ne ba a haɗa su", da an rage irin wannan sosai.

Wani ɗan uwa ya yi min gyara mai kyau, ya ce ai shaƙiƙai ma akwai wa akwai ƙane. Gaskiya ne kuma ya ma ƙara wa kalmar ƙarfi, don dole a duba lambar ƙarfin. Maganin maleriyar nan akwai mai 20/120 (wato miligiram na sinadaran biyu a kowace ƙwaya) wanda babba ke shan ƙwaya 4 safe 4 dare kwana 3, ƙwaya 24 ke nan, akwai kuma mai 80/480 ƙwaya 1 safe 1 dare, 6 kacal a kwalin. Wanda ya saba da hurhuɗu in ka miƙa masa mai shida ba ka yi bayani ba zai iya zuba huɗu a baki lokaci ɗaya. Sannan akwai magungunan da ko shaƙiƙi ne ba a yawan canza kamfani sai da sanin likita, irin su warfarin mai hana jini daskarewa da magungunan farfaɗiya da levothyroxine na matsalar tayirod (ƙulluwar da ke wuya, inda maƙoƙo ke fitowa), su ɗan bambanci kaɗan a jini yana iya kawo matsala.

'Yan uwanmu na Nijar ku da kuka daɗe da "jenerik" a likitocinku tun bayan shirin Bamako na 1987 na samar da muhimman magunguna masu araha a ƙananan asibitocin Afirka, yaya kuke faɗa wa mutanen ƙauye a Maraɗi da Damagaram? In kuna da wadda ta riga ta zauna a baki ku kawo mu ji, in kuma babu ni daga gobe shaƙiƙi da sunan yanka zan riƙa faɗa a kan kanta, masu shirin lafiya a rediyo dan Allah ku ma ku gwada su ku gaya mana yadda masu kiran waya suka karɓa.