Babban jirgi ko matsakaici? Karon farko za mu kwana a teku

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin hutun mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, ni da maigida da yara biyu da mahaifiyarsa. Shi idonsa na kan babban jirgin nan Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, tunda ya ga bidiyon wuraren wasan ruwan nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ni kuwa ko a mota na daɗe sai zuciyata ta tashi, ga Hajiya gwiwa ta matsa mata. Wanne za mu ɗauka?

Ɗan Teku:
Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, ki fara duba inda jirgin zai bi kafin ki dubi jirgin. Icon ya fara aiki a Janairun 2024, daga Miyami yake tashi zuwa tsibiran Karibiyan, kuma lokacin guguwa a can daga 1 ga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba. Jirgi kan kauce wa guguwa, amma ana iya canza muku tashar da kuka sa rai. Jiragen kamfanonin MSC da Costa kuwa suna zagaya Bahar Rum daga Basalona ko Jenowa, kusan kullum ki farka a sabon gari. Ko'ina kuka zaɓa, ku gama da bizar kowace ƙasa da zai tsaya kafin ku biya kuɗi.

Gwaggo Mai Yawo:
'Yata, maganar jiri ba ta kai maganar gwiwar Hajiya ba. Babban jirgi bai cika tangaɗi ba, yana da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu daidaita shi. Ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawan ƙasa-ƙasa, mai taga ko baranda, don kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana kwantar da zuciya. Gaba da can sama su suka fi jijjiga.

Amma Icon tsawonsa ya kai mita 365, yana ɗaukar fasinja sama da 7,000. Daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce sosai, ga layin lif bayan an dawo daga gari. Na ga dattijuwa zaune a bakin matakala tana murza ƙafa, jikoki sun yi gaba sun bar ta. Ni dai matsakaici zan ɗauka, ɗakin Hajiya kusa da lif. Ki kuma tambaya ko akwai tashar da sai an shiga ƙaramin jirgi ake isa gaɓa, kamar tsibirin Santorini na Girka. Wannan sauka da hawan wahala ne ga mai ciwon gwiwa.

Abu Hanif:
Gwaggo a gafarce ni, yara fa? A matsakaicin jirgi kwana biyu sun gundura, iyaye su shiga uku. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin da ba a gani a talla: tukuicin ma'aikata da ake lissafa wa kowane mutum kullum, intanet, lemon kwalba, yawon gari. Sannan in kun fita da kanku kuka makara, jirgi ba ya jira.

Ummu Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Gwaggo, keken guragu fa, su suke bayarwa ko da namu za mu tafi?