Hagu da dama, ko lamba? Sunayen maɓallan linzami a jagorar manhaja

Mai rubuta jagora: Salamu alaikum 'yan'uwa. Da wane suna kuke kiran maɓallan linzamin kwamfuta a rubuce? "Hagu" da "dama" suna ɓatar da bahago, domin Windows da macOS duk sun yarda a musanya su. Da zarar ya musanya, "danna na dama" ya koma akasin abin da ake nufi.

Mai gina shafukan intanet: Wa alaikumus salam. Kome za ka yi, Malam, kada ka koma wa lamba, can rikicin ya fi muni. A X11, tsarin nuna tagogi a allo na Linux, 1 hagu ne, 2 tsakiya, 3 dama, 4 da 5 kuma ba maɓallai ba ne, murza tayar da ke tsakiyar linzami ce sama da ƙasa. A JavaScript kuwa, yaren da ake gina shafukan intanet da shi, lissafin da ake kira button daga 0 yake farawa: 0 hagu, 1 tsakiya, 2 dama. Ɗan'uwansa buttons ya sake juya lissafin, 2 dama, 4 tsakiya. To in ka rubuta "maɓalli na 2", wanne kenan? Wasannin kwamfuta da yawa ma na dama suke nufi da shi.

Malamar kwamfuta: Ku tuna da masu laftof. Allon shafawa, wanda ke aikin linzami a laftof, ba lallai ya zo da maɓallin dama ba. Yatsu biyu ake dannawa tare. A Mac kuma ana riƙe Control a danna.

Editar jagora: Abin da na ga yana aiki shi ne a raɗa wa maɓalli suna da aikinsa. Babban maɓalli shi ne na zaɓa, na biyu shi ne mai fito da jerin zaɓi. A shafin farko a faɗi sau ɗaya cewa babban galibi na hagu ne, daga nan kada a sauya suna har ƙarshe. Idan an ce "danna" kawai, babban ake nufi. Sai a raba aikatau: danna, danna sau biyu, danna ka riƙe, ja ka saki. Taya ma aiki biyu gare ta, murzawa daban, dannawa daban.

Mai gina shafukan intanet: Haka ne, Malama. A ƙara da rubuta sigar manhajar. A Blender, manhajar zanen 3D, kafin sigar 2.80 ta 2019 da maɓallin dama ake zaɓar abu, shi ya sa tsohuwar jagorarta ke rikita sabon ɗalibi.