Wai Kakaki Miles Davis Yake Busawa?

Baban Ummi: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya na kunna wa abokina wasan da Miles Davis, shahararren mabushin jazz na Amurka, ya yi a Philharmonic Hall, birnin New York, ranar 12 ga Fabrairu 1964. Ko minti biyu ba a yi ba ya ce in mayar masa da Kind of Blue, faifan da Miles ya fitar a 1959. Kullum Kind of Blue, sai ka ce mutumin nan a 1959 ya rasu. Tsakanin tafiyar John Coltrane a 1960 da zuwan Wayne Shorter a 1964, dukansu masu busa saksafon a ƙungiyarsa, akwai wasannin da aka naɗa a gaban jama'a, an yi musu riƙon sakainar kashi: Antibes ta Faransa a 1963, Tokyo a 1964. Daren New York ɗin kaɗai faifai biyu ya haifa, masu sanyi a My Funny Valentine, masu gudu a Four & More. Ku ji yadda Miles yake sassauta kakakinsa har sai ka kasa kunne kamar mai sauraron raɗa, can kuma Tony Williams, yaro ɗan shekara 18, ya ɓarke da ganga. Wallahi bai taɓa busa kamar wannan daren ba.

Na-Fagge: Kakaki fa ka ce? Kakaki ya fi mutum tsayi, a gaban sarki ake busa shi. Wannan guntun abin mai maɓalli uku ai begila ce.

Bazazzagi: Begila ba ta da maɓalli, malam. Ta soja ce, ta tashin asuba a bariki. In ba ka sani ba ka tambaya.

Na-Fagge: To sai mu ce ƙaho.

Bazazzagi: Ƙahon wace saniyar?

Maman Khalil: Ni dai tun ina ƙarama kakaki nake ji ana cewa. Ko mai magana da yawun gwamna kakaki ake ce masa, wa ya taɓa auna tsayinsa?

Na-Fagge: Hajiya, wancan aro ne. Kakakin gaske sauti biyu zuwa uku yake fitarwa, da su yake kirari. Raina sarauta ne a haɗa shi da kayan gidan rawa.

Baban Ummi: Don Allah a koma kan faifan. Daren nan ba na gidan rawa ba ne, taron tara kuɗi ne don yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe a jihohin kudu na ƙasar Amurka. Miles ya yafe kuɗin wasan, yaransa suka hau dandali da fushi. Fushin ne kake ji a gudun kiɗan.

Ɗan Maraɗi: Ya yafe kuɗinsa ko ya yafe na mutane? Kyauta da kayan wani ke nan. Kuma George Coleman da ya busa saksafon a daren ai ɗan riƙon ƙwarya ne, kafin mai kujera ya iso.

Baban Ummi: Riƙon ƙwarya? Mutumin da ya taso a Memphis, ya yi aiki da B.B. King, gwanin kiɗan blues? Ka janye maganar nan.

Ɗan Maraɗi: Ba na janyewa. Shekara guda ya yi ya tafi. Sam Rivers ya karɓa, shi ma daga Tokyo aka rabu. Shorter na zuwa aka zauna lafiya har shekara biyar da ɗoriya.

Bazazzagi: Ku bar ma wannan. Mu Zariya Yusef Lateef da kansa, mabushin jazz na Amurka, ya zauna a garinmu, ya yi bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1981. Kuma ya yi aiki da Cannonball Adderley, wanda ya busa saksafon a Kind of Blue ɗin. Saboda haka in Bazazzagi ya yi maganar busa, Bakano ya yi shiru.

Na-Fagge: Baƙo ya sauka a garinku sai ku gaji iliminsa? Kai ka taɓa ganinsa?

Bazazzagi: Kawuna ya gan shi.

Na-Fagge: Kawun naka ya ce maka kakaki ne?

Maman Khalil: Wai a cikinku akwai wanda ya saurari faifan nan kuwa?

Ɗan Maraɗi: Datata ta ƙare, Hajiya. Amma ra'ayina yana nan.

Shugaban zaure: To, a tsaya haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: an amince cewa kakaki na sarakuna ne, Na-Fagge ya yi gaskiya, kuma ba don unguwarmu ɗaya na faɗa ba. Labarin kawun Bazazzagi ba hujja ba ne. Batun Coleman an bar shi sai Ɗan Maraɗi ya sayi data. Shi kuwa Baban Ummi, abokinka bai yi laifi ba, ni ma yanzu haka Kind of Blue nake ji. Na rufe.

Baban Ummi: Wa ya amince?